Bukukuwan Mutanen Bangal da Namu na Ƙasar Kano: Darasin Zaman Tare

Gabatarwa

Kalmar biki tana da ma'ana biyu a bakin Bahaushe. Ta farko ita ce taron murna, kamar aure, ko suna, ko Sallah, ko Kirsimeti. Ta biyu kuwa iyayenmu mata sun fi saninta, wato gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar hidima, ita ma idan tata ta zo a rama mata, har a ɗora wani abu a kai. Ke nan tun daga sunansa, biki bashi ne na zumunci, kuma ba a yin sa mutum ɗaya.

Ana iya raba bukukuwan kowace al'umma gida uku: na addini, da na ƙasa, da na al'ada. A wannan darasi za mu duba namu na ƙasar Kano, mu jera su da na wata al'umma mai nisa, wato mutanen Bangal na nahiyar Asiya. Tafiya mabuɗin ilimi, in ji masu iya magana, wanda kuma bai samu tafiya da ƙafa ba sai ya yi ta da karatu.

Su wane ne mutanen Bangal?

Ƙasar Bangal tana gabas da Indiya, inda manyan koguna biyu, Ganjis da Barahmaputura, suke haɗuwa su zuba cikin teku. Mutanenta manoman shinkafa ne da masunta da 'yan kasuwa, harshensu kuma Bangala. A shekarar 1947, da Turawan Ingila za su tafi, aka raba ƙasar biyu bisa addini. Yammacinta, inda 'yan Hindu suka fi yawa, ya zauna cikin Indiya, babban birninsa Kalkata. Gabashinta, inda Musulmi suka fi yawa, ya shiga Pakistan, daga baya a 1971 ya zama ƙasar Bangaladash mai babban birni Daka. Ƙidayar 2022 ta nuna cewa Musulmi su ne kashi 91 cikin ɗari na mutanen Bangaladash, 'yan Hindu wajen kashi 8, 'yan Buda da Kirista kuwa ko an haɗa su ba su wuce kashi ɗaya ba.

Dalilin da ya sa muka zaɓe su a fili yake. Su ma Ingila ce ta mulke su. Su ma harshe ɗaya ya haɗa su, addini ya bambanta su. Kirista a cikinsu 'yan kaɗan ne a tsakanin maƙwabta Musulmi, kamar yadda muke a Ɗankaza da sauran ƙauyukan Wudil.

Bukukuwan addini

A ƙasar Kano babu bikin da ya kai Sallah. Ƙaramar Sallah tana zuwa ranar 1 ga Shawwal, bayan azumin Ramalana. Babbar Sallah kuwa ranar 10 ga Zulhajji ce, ranar layya. Tun daga goma ga azumi yara ke fara tashe. Ranar Sallah a yi ado a tafi idi, a dawo a rarraba tuwo da waina gida-gida, yara su fita yawon barka da Sallah. Sai Mauludi ranar 12 ga Rabi'ul Awwal, bayan mako guda kuma Kanawa su yi Takutaha, su hau Dutsen Dala. Akwai kuma Cika-ciki ranar 10 ga Muharram.

Shekarar Musulunci ta wata ce, kwana 354 ko 355, saboda haka bukukuwanta suna matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Wannan ya sa wani lokaci sukan haɗu da namu. A Disamba 2000 an yi Kirsimeti da Ƙaramar Sallah cikin mako guda, a 2015 kuma Mauludi ya faɗo ana gobe Kirsimeti.

A birnin Kano, Sallah tana tafe da hawa. Ranar idi Sarki yakan yi salla a filin Ƙofar Mata, ya komo fada bisa doki. Kashegari sai Hawan Daushe, inda yakan je Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa, hakimai su yi jahi a Ƙofar Kudu. Rana ta uku Hawan Nasarawa, ya ziyarci Gidan Gwamnati, ya ratsa ta Sabon Gari, inda baƙi da Kirista ke tsayawa bakin hanya suna gaishe shi. Bayan haka sai Hawan Ɗorayi a Ƙaramar Sallah, ko Hawan Fanisau a Babba. Ana danganta asalin wannan al'ada da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sai dai kuma daga Babbar Sallar 2024 zuwa 2025 'yan sanda sun sha hana hawan saboda rikicin sarauta. A nan ɗalibi zai gane cewa biki ba ya yiwuwa sai da zaman lafiya.

Mu Kirista manyan bukukuwanmu su ne Kirsimeti, ranar 25 ga Disamba, don tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, da Jumma'ar da aka gicciye shi, da Ista ranar tashinsa daga matattu, da Fentikos ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki, kwana hamsin daga Ista. Ga kuma Lahadin godiya ta kaka, ranar da kowa ke kawo damin dawa ko kwanon gyaɗa ko kaza gaban Ubangiji, zumuntar mata na raira waƙa da tulu da caki.

A Bangal ma Sallah ce babban bikin Musulmi. Kafin ranar, miliyoyin mutane kan bar Daka a jiragen ƙasa da na ruwa su koma ƙauyukansu, kamar yadda 'yan ci-ranimmu ke cika tashoshin Legas da Abuja. Filin idin Sholakiya, a gundumar Kishoreganj, yana ɗaukar dubban ɗaruruwan masallata. Abincin safiyar Sallarsu siririyar taliya ce da madara da sukari, sunanta semai.

'Yan Hindu kuwa babban bikinsu shi ne Durga Puja, a watan Satumba ko Oktoba. Sukan gina siffar wata abar bautarsu mai suna Durga da yumɓun kogi, su kafa ta cikin rumfuna masu ado har kwana biyar, rana ta ƙarshe su kai ta kogi su nutsar. UNESCO ta sa Durga Puja na Kalkata cikin jerinta a 2021. 'Yan Buda suna da ranar cikar wata da suke tuna haihuwar Buda.

Kiristan Bangal suna kiran Kirsimeti Borodin, ma'anarsa babbar rana. Duk da ƙarancinsu, ranar hutu ce ta ƙasa baki ɗaya a Bangaladash, haka ma ranar ƙarshe ta Durga Puja da ranar Buda. Bishara ta daɗe a can. William Carey ya isa Bangal a 1793, ya koma garin Sirampur a 1800, aka buga Sabon Alkawari da Bangala a 1801. Namu cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, da ƙoƙarin Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. Duka wuraren biyu, da harshen gida aka fara karanta Maganar Allah.

Bukukuwan ƙasa

Bikin ƙasa rana ce da gwamnati ta keɓe don tuna abin da ya samu al'umma gaba ɗaya. A Nijeriya muna da 1 ga Oktoba, ranar da muka samu mulkin kai a 1960. Muna da 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, wadda ta dace da ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Muna da Ranar Dimokuraɗiyya, wadda tun 2019 ake yi ranar 12 ga Yuni maimakon 29 ga Mayu. Ranar 27 ga Mayu kuma ranar yara ce, ita ce kuma ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967.

Mu tambayi kanmu, mene ne ɗalibi ke tunawa a waɗannan ranaku? Ga yawancinmu, maci ne a filin ƙaramar hukuma cikin rana, sai jawabi, sai hutu. Da wuya a samu gidan da aka ɗora tukunya ta musamman saboda 1 ga Oktoba.

A Bangaladash akwai 26 ga Maris, ranar shelar 'yanci a 1971, da 16 ga Disamba, ranar da sojojin Pakistan suka miƙa wuya bayan yaƙin wata tara. Amma ranar da ta fi shiga zukatansu ita ce 21 ga Fabrairu. Ga yadda abin ya faru. Bayan 1947, shugabannin Pakistan suka ce Urdu kaɗai ne zai zama harshen gwamnati, alhali masu jin Bangala sun fi rabin mutanen ƙasar. Ma'anar wannan ita ce ɗan manomin Bangal zai zama baƙo a ofis da kotu da jarrabawar neman aiki. Ranar 21 ga Fabrairu 1952 ɗaliban Jami'ar Daka suka fito zanga-zanga, 'yan sanda suka buɗe wuta. Cikin waɗanda suka rasa rayukansu akwai Rafik, da Barkat, da Jabbar, da Salam. A 1956 tsarin mulkin Pakistan ya amince da Bangala a matsayin harshen ƙasa tare da Urdu.

Har yau, idan wannan rana ta zagayo, tun tsakar dare mutane kan fito ba takalmi, su kai furanni gindin hasumiyar Shahid Minar a Daka. Musulmi da ɗan Hindu da Kirista duk layi ɗaya suke bi, domin harshen na kowa ne. A Nuwamba 1999 UNESCO ta mai da 21 ga Fabrairu Ranar Harshen Uwa ta Duniya, aka fara kiyaye ta a 2000.

Mu ma muna da Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, wadda matasa suka faro a intanet a 2015. Abin alfahari ne. Amma akwai wata gaskiya da ya kamata mu riƙe. Nijeriya tana da harsuna sama da 500. A ajinmu akwai ɗan Fulani, da ɗan Tangale, da ɗan Bajju, da ɗan Ibo, wasu cikinsu ba sa iya gaida kakarsu da harshenta. Yadda Turanci ke danne Hausa a ofis, haka Hausa ke haɗiye ƙananan harsuna a gida. Wanda ya ji zafin labarin ɗaliban Daka ba zai yi wa ɗan'uwansa dariya ba don ya ji yana yarensa.

Bukukuwan al'ada

Nan ne darasinmu ya fi nauyi. Bikin al'ada shi ne wanda ya tsiro daga noma, ko su, ko kiwo, ko kasuwa, bai kuma tambayi mutum inda yake sujada ba.

Babban misali a Bangal shi ne Pohela Boishak, sabuwar shekararsu, ranar 14 ga Afrilu a Bangaladash, 14 ko 15 a ɓangaren Indiya. Ranar 14 ga Afrilu 2025 ce ta buɗe shekararsu ta 1432. Masana tarihi da yawa suna danganta kalandar da Sarki Akbar na daular Mogul, a ƙarni na 16. Ana karɓar haraji da lissafin wata, shi kuwa amfanin gona lissafin rana yake bi, sai ya zamana wata shekarar ana neman haraji kafin girbi. Aka gyara kalandar don ta dace da kaka. Duk manomin da aka taɓa bi bashi a watan Agusta, rumbu ba kowa, zai fahimci hikimar wannan gyara.

A ranar, 'yan kasuwa kan rufe tsohon littafin bashi su buɗe sabo. Mai bashi ya zo ya biya abin da ya samu, mai shago ya ba shi alewa. Mutane kan sa tufafi fari da ja, su ci shinkafar da ta kwana cikin ruwa, abincin talaka, tare da soyayyen kifi. Tun 1967 ƙungiyar Cayanot ke tarbar shekarar da waƙoƙin asuba a gindin wata babbar bishiya a lambun Ramna. Tun 1989 kuma ɗaliban zane na Jami'ar Daka ke jerin gwano da manyan siffofin tsuntsaye da kifaye da damisa. Bayan wannan suna da Nabanna, wato sabuwar shinkafa, a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin da ake toya wainar shinkafa mai suna pita a raba wa maƙwabta.

A taron UNESCO na 2016 a Addis Ababa, an amince da jerin gwanon Daka da bikin kamun kifi na Argungu a zama guda. Shi ma na Argungu yana da labari. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, aka shirya su a kogin Matan Fada don karrama shi. Daga sulhu aka haifi bikin.

To mu a ƙasar Kano fa? Kakanninmu suna da kalankuwa. Idan an gama kaka, samari da 'yan matan ƙauyuka kan taru, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu na wasa, a yi kwanaki ana kiɗa. Masu kalangu na gefe, 'yan dambe da 'yan kokawa na fage, Fulani na shaɗi. A irin wannan wasa ne yaro ke koyon shugabanci da shari'a da iya magana a gaban jama'a. Tun da damina ma akwai gayya, inda gari ke haɗuwa a gonar mutum ɗaya. Yau ɗalibai nawa ne a cikinku suka taɓa ganin kalankuwa da idonsu?

Dalilan ja bayan waɗannan bukukuwa suna da yawa. Samari na tafiya ci-rani da zarar an ɗaure dami. Talabijin da waya sun maye gurbin dandali. Akwai kuma tsoron rashin tsaro. Haka nan malaman addinan biyu sun yi wa'azi a kan tsafi da shaye-shaye da lalata da suka shiga wasu wasannin, kamar buɗar dawa da shan kabewa, kuma sun yi gaskiya. Sai dai garin zubar da tsakuwa mun haɗa da tsabar. Yanzu wurin da ya rage Musulmi da Kirista ke cuɗanya sosai shi ne kasuwar Wudil ranar Jumma'a, can kuwa ciniki ya kai kowa.

Idan biki ya zama abin tsoro

Kada a ɗauka Bangal aljannar duniya ce. Ranar 14 ga Afrilu 2001 bam ya tashi a taron waƙoƙin Ramna, mutum goma suka mutu. A Oktoba 2021 an kai wa rumfunan Durga Puja hari, rikicin ya faro daga garin Kumilla. Mu ma mun ga namu. An yi rikicin Kano na Oktoba 1991, an kai harin bam a majami'ar Katolika ta Madalla ranar Kirsimetin 2011, an kuma kai wani a babban masallacin Kano ranar Jumma'a 28 ga Nuwamba 2014. Mai son raba jama'a ya san ranar taro ce ranar da zai fi yi musu ciwo. Amma duk da bam ɗin 2001, mutanen Daka ba su daina zuwa gindin bishiyar nan ba, kamar yadda Kanawa ba su daina zuwa masallaci da majami'a ba.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Allah da kansa ya ba Isra'ilawa idi uku a shekara: Idin Ƙetarewa, da Idin Makonni, da Idin Bukkoki. Ku karanta Maimaitawar Shari'a sura 16. Za ku ga idodin sun haɗa sujada, da tarihin fitowa daga Masar, da murnar girbi. Za ku kuma ga an umarta a sa bawa da baƙo da maraya da gwauruwa cikin murnar. A Nehemiya sura 8 an ce a aika da abinci ga wanda ba shi da komai. A Luka sura 14 Ubangiji Yesu ya ce a gayyaci waɗanda ba za su iya ramawa ba. A nan bikin Kirista ya wuce bikin ramuwa da muka ambata a farko.

Ɗalibai kan tambaya, shin Kirista zai ci naman layya? Kirista sun bambanta a kan wannan, wasu na ci da godiya, wasu lamirinsu bai ba su ba. Ku karanta Romawa sura 14 da 1 Korantiyawa sura 10, ku nemi shawarar iyayenku da fastonku. Mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kuma kada ya hukunta mai ci. Wanda ba zai ci ba, kada ya kunyata yaron da aka aiko da kwano, gama mai aikowar alheri ya nufa. Sujadar wani ba tamu ba ce, ba kuwa za mu shiga cikinta ba, amma barka da Sallah gaisuwa ce, ba ta rage wa kowa bangaskiya.

Kammalawa

Ga abubuwa huɗu da kowane ɗalibi zai iya yi. Na ɗaya, ka san ma'anar bikinka, kada Kirsimeti ya tsaya a sabon ɗinki da cincin, gama yadda Sallah ke wucewa ta bar wawa da bashi, haka Kirsimeti ma. Na biyu, ranar bikinka ka fara kai kwano gidan maƙwabci, ranar nasa kuma ka je gaisuwa, domin zumunci a ƙafa yake. Na uku, a lokacin hutu ka zauna da wani tsoho ko tsohuwa, ka rubuta yadda ake kalankuwa a garinku tun masu labarin suna raye. Na huɗu, ƙungiyar Hausa da ta wasan kwaikwayo su dubi yiwuwar shirya ranar harshen uwa kowace 21 ga Fabrairu, da wasan kaka mai tsabta bayan girbi, a gayyaci dagaci da limami da fasto da iyaye, kowa ya zo da tabarmarsa.

Mutanen Bangal suna da ranakun da kowa ke zuwa masallacinsa ko haikalinsa ko majami'arsa, suna kuma da ranakun da duka ke haɗuwa a fili ɗaya. Na farkon muna da su, mun kuma riƙe su da kyau. Na biyun ne ke neman kuɓuce mana, ku ne kuwa za ku iya riƙo su. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya nuna mana bikin baɗi da rai da lafiya. Amin.

Tambayoyi don nazari

1. Kawo ma'anoni biyu na kalmar biki, ka bayyana dangantakarsu.
2. Me ya faru a Daka ranar 21 ga Fabrairu 1952, kuma me ya biyo baya a 1956 da 1999?
3. Jera hawan Sallar Kano bi da bi, ka faɗi inda Sarki ke zuwa a kowanne.
4. Kwatanta Nabanna da kalankuwa da Lahadin godiya ta kaka.
5. Su wa aka ce a sa cikin murnar idi a Maimaitawar Shari'a sura 16? Su wane ne irinsu a unguwarku?